Ɗanyen Nama Ga Kare Da Kyanwa: A Kafanchan Dai A Ɗora Tukunya



Duk mai zagaya unguwannin Kafanchan da dare ya san karnuka sun ƙaru. Haka abin yake a Kagoro, Zonkwa, Gidan Waya, Kwoi da Manchok. Halin tsaro ya sa gidaje da gonaki da yawa sun ajiye kare mai gadi. Makiyaya da mafarauta dama can suna da nasu, ga kuma matasan da suka mai da kiwon manyan karnukan ƙasashen waje sana'a, suna tara 'ya'ya suna sayarwa. Kyanwa kuwa ba a magana, da wuya ka sami shago ko ɗakin ajiyar hatsi babu mai tsaron ɓera. Ciyar da su ne ya zama aiki. Abincin buhu yawancinsa daga waje ake shigo da shi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali.

Ana cikin haka sai ga bidiyoyi a Facebook da TikTok. Za ka ga Baturiya ta ajiye kwano, ta jera ɗanyen fiffiken kaza, hanta, zuciya da ƙwai har da ɓawonsa, tana cewa wannan ne abincin asalin dabba, na buhu kuwa hatsi ne kawai aka yi wa ado. Masu turo bidiyoyin nan zaurukan WhatsApp suna yi musu fassarar da ta yi musu daɗi: ashe ragowar kwata da ake jefa wa karnuka a nan ita ce Turawa suka dawo suna yayi. To, mu ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. Maganar nama gaskiya ce. Maganar ɗanye kuwa ba ta dace da garinmu ba. A ba su nama, amma a dafa.

Bari mu fara ba masu wancan ra'ayi haƙƙinsu. Inda hujjarsu ta fi ƙarfi shi ne a kan wata 'yar dabba da ba mu da ita a nan, Turawa na kiranta faret. Doguwa ce siririya mai gajerun ƙafafu, in ka gan ta sai ka ce tunku, ko da yake ba danginsu ɗaya ba. An yi shekara kusan 2,000 ko fiye ana kiwonta a Turai, da can don ta shiga rami ta koro zomaye, yanzu kuwa a ɗaki ake ajiye ta kamar kyanwa. Hanjinta gajere ne ƙwarai. Abin da ta ci, cikin awa 3 zuwa 4 ya fita, ba ta da lokacin narkar da hatsi ko ganye. Da masu kiwonta suka lura abincin kanti cike yake da garin hatsi, sai da yawansu suka koma ba ta nama da ƙashi da kayan ciki ɗanye, wasu har da 'yan tsaki da ɓeraye sukutum, waɗanda ake kiwo musamman a daskarar a sayar musu. Sauya mata abincin ma aiki ne, don faret takan kafe a kan abin da ta saba ci kafin ta cika wata shida. In aka kawo mata sabo sai ta shinshina ta wuce. Sai an markaɗa naman kamar kunu, ana lakata mata a baki kwana da kwanaki kafin ta karɓa. Wanda bidiyon ya burge har yake tunanin a kawo masa ita, ya sani zafin da ya haura digiri 30 na iya kashe ta, kuma kowa ya san abin da watan Maris ke yi mana a nan.

Kyanwa ta yi kusa da faret a wannan hali. Jikinta na buƙatar wani sinadari da ake kira tawurin, wanda daga nama da kifi take samunsa. In ta rasa shi na tsawon lokaci idonta kan mutu, zuciyarta ta raunana. Kyanwoyinmu da ake zuba wa ragowar tuwo suna rayuwa ne saboda suna cike giɓin da ɓera da ƙadangare. Amma wadda aka kulle a shago, ba ta da komai sai gari da ruwa wai don yunwa ta sa ta kama ɓera, an zalunce ta. Kyanwa mai ƙoshi ma tana farauta, don a jininta abin yake.

Kare kuwa labarinsa daban. Wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, shi ne ya yaɗa ciyar da kare ɗanyen nama da ƙashi da littafin da ya fitar a 1993, kuma ginshiƙin hujjar mabiyansa shi ne kare jikan kyarkeci ne, sai ya ci abin da kakansa ke ci. Sai dai a 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Siwidin suka nuna cewa ƙwayar halittar da ke taimakawa wajen narkar da sitaci, kyarkeci na da guda 2, kare kuwa yakan sami daga 4 har zuwa 30. Dubban shekarun da ya yi yana bin ɗan Adam yana cin ragowarsa sun sauya cikinsa. Ke nan tuwon masara ba guba ba ne ga kare. Illar ita ce a bar shi da tuwo ko dusa zalla, shi ya sa muke ganin karnuka haƙarƙari a waje, gashi na zuba.

To in nama wajibi ne, mene ne laifin ɗanye?

Da farko, abin da Baturiyar can ke kira ɗanye da abin da ake kira ɗanye a nan, suna ne kawai ya haɗa su. Nata ya fito daga mayankar da likita ya duba, an daskarar da shi tun daga kamfani, ya shiga firizar da wutarta ba ta ɗaukewa. Na nan kuwa, mu faɗi gaskiya, shi ne abin da mutum ya ƙi: huhun da aka ga wani abu a jikinsa aka yanke, hantar da ta yi tauri, kazar da aka wayi gari ta mutu a keji, ɗan akuyar da aka yi ɓarinsa. Ba wanda zai sayi kilon tsoka mai kyau a wannan zamani ya miƙa wa kare. Kuma daga kwata zuwa gida a leda yake, cikin rana, ƙuda na bi.

Ko can ɗin ma, da duk tsabtarsu, ba su tsira ba. Tsakanin 2010 da 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin karnuka da kyanwoyi da ake sayarwa, ta sami ƙwayar salmonela a 15, listeriya a 32. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fito ta ce ba ta goyon bayan wannan ciyarwa. A Ingila, a 2017, mutum 4 suka kamu da wani mugun nau'in ƙwayar cutar hanji, ɗaya ya rasu, kuma binciken hukuma ya karkata ga ɗanyen tumbin da ake ba karnuka. Abin lura, karen kansa sau da yawa lafiyarsa lau. Shi dai yana ɗauke da ƙwayar a baki da kashi, ya lashi hannun yaro, ya kwanta inda ake shanya.

Amma abin da ya fi tayar mana da hankali wani ne daban, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ya gan shi ko da bai san sunansa ba. Wani lokaci in an buɗe tunkiya, akuya ko saniya, sai a ga wata jaka fara cike da ruwa manne a huhu ko hanta, wata kamar ƙwan kaza, wata ta fi lemo. Abin da aka saba yi shi ne a sa wuƙa a yanke wurin, a wurga gefe. Kare na nan tsaye yana jira.

Jakar nan gidan 'ya'yan wata ƙaramar tsila ce, likitoci na kiran cutar haidatid. A cikin ruwan akwai kawunan tsutsa masu ɗimbin yawa. Da kare ya haɗiye su sai su kama bangon hanjinsa, cikin kamar mako 6 sun girma. Babbar ba ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, don haka mai kare ba zai ga komai ba, karen kuma ba ya nuna alamar ciwo. Daga nan sai ƙwai su fara fita a kashinsa, ƙwan da ido ba ya gani. Suna maƙalewa a gashinsa, su shiga ƙasa, ruwan sama ya wanke su zuwa ciyawa, rijiya mara murfi da lambu. Tunkiya ta ci ciyawar, jaka ta fito mata a huhu, a yanka ta, a sake jefa wa kare. Haka abin ke zagayawa.

Mutum fa? Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Ba a kamuwa da wannan cuta ta cin naman da ke da jakar. Ta wajen kare kawai take zuwa mana. Yaro ya yi wasa da ƙasa ko ya shafa kare ya sa hannu a baki, ko a ci latas da kabejin da ba a wanke sosai ba. Sai ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinsa, jakar da muka gani a huhun tunkiya ta fara tsiro a hantarsa ko huhunsa. A hankali take girma, santimita 1 zuwa 5 a shekara, shiru babu zazzaɓi. Yaron da ya haɗiye ƙwan yana firamare mai yiwuwa sai ya zama saurayi ciki zai fara kumbura, ko tari ya ƙi jin magani. Kafin hoton asibiti ya gano ta an sha maganin shawara da na gyambon ciki har an gaji. Maganinta ƙwayoyi ne na watanni, ko a tsotse ruwan da allura, ko tiyata, kuma in jakar ta fashe a ciki tana iya kashewa nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci fiye da mutum miliyan 1 ke ɗauke da cututtukan wannan tsila. Yankin Turkana na Kenya, inda makiyaya ke kwana da tashi da karnukansu, yana cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. A ƙasarmu ma, tun shekarun 1970 likitocin dabbobi ke samun jakunkunan nan a mayankan Arewa, irin su Kano da Sakkwato, kuma a raƙuma aka fi ganinsu.

Akwai abin da ya sa mu mutanen kudancin Kaduna ya kamata mu fi kowa kula. Ƙwan tsilar nan ba ya jure rana mai zafi da bushewa, amma a wuri mai laima da inuwa yana yin watanni da ransa. Damunarmu doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ga itatuwa, ga rafuka, ga fadamun da ake noman ganye. Ni'imar da muke alfahari da ita ce ke raya shi.

Kada wanda ba ya ajiye kare ya ce ba ruwansa. A cikinmu akwai gidajen da kare ba ya tsallaka ƙofarsu, akwai masu ajiye shi don gadi ko farauta kawai, akwai kuma maƙwabtanmu a nan da Filato da ke kiwonsa har don ci da sayarwa, kamar yadda ake kai su kasuwar Dawaki ta Kanke. Kowa da al'adarsa. Amma karen da ya ci huhu a bayan kwata da safe ba ya tambayar gonar wa zai tsuguna da yamma, kuma alayyafon da aka yanko daga can kasuwa ɗaya za a kai shi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Masu gyara karen don ci kuwa su ne a bakin haɗarin, don tsilar da ƙwanta a cikin hanjin da suke wankewa suke.

An taɓa kawar da wannan cuta a wasu ƙasashe, kuma ba da wata na'ura mai tsada ba. A ƙarni na 19 an kiyasta kusan mutum 1 cikin 5 a tsibirin Aislan na ɗauke da ita. Wani likita ɗan Denmak, Harald Krabbe, ya bi diddigin yadda take yawo tsakanin tumaki da karnuka, a 1864 ya rubuta ɗan ƙaramin littafi da harshen mutanen ƙasar, aka raba shi gida-gida. Babban saƙon shi ne a daina ba kare ɗanyen kayan ciki. Sannu a hankali cutar ta ɓace. Ƙasar Niyuzilan, mai tumaki fiye da mutane, ta fara nata yaƙin da doka a 1959, a 2002 ta sanar cewa ta rabu da cutar. Ƙa'idar da suka kafa ita ce kayan cikin da za a ba kare sai an tafasa su minti 30, ko an daskarar da su kwana 10 cikin sanyin digiri 10 ƙasa da sifili. A duba zaɓi biyun nan, a duba halin wutar lantarkinmu. Wace firiza ce a Kafanchan za ta yi kwana 10 ba ta narke ba? Tafasa ce tamu. Dama daskarewar ba ta kashe salmonela, ajiye ta kawai take yi.

Kai ma yana da tasa matsalar. Tunkiyar da ke juyawa wuri ɗaya tana karkata kai, sau da yawa jakar wata tsilar ce a ƙwaƙwalwarta. In aka yanka ta aka jefa wa kare kan, an shuka cutar a sauran garken ke nan.

Sai maganar matattun kaji, wadda jiharmu ta fi kowace jiha dalilin tunawa. A Jaji ta ƙaramar hukumar Igabi aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a nahiyar Afirka, a Fabrairun 2006. A farkon 2007 wata mata ta rasu da ita a Legas. Cutar ta sake ɓarkewa a 2015 da 2021. Yau gidajen kaji sun cika gefen garuruwanmu, kuma mun san inda kazar da ta mutu da dare takan ƙare: ko a sayar da ita da araha ga mai karnuka, ko a wurga ta bayan katanga. A Tailan, a 2004, an ciyar da damisoshin wani gidan namun daji ɗanyun kaji masu cutar, 147 suka mutu ko aka kashe su. A Polan kyanwoyi suka yi ta mutuwa da ita a 2023. A Disambar 2024 wata kyanwa a jihar Oregon ta Amurka ta mutu bayan ta ci ɗanyen naman talotalo na kamfani, daskararre, irin wanda ake tallatawa a bidiyoyin nan. Ita kanta faret ɗin tana kamuwa da mura kamar mutum, da ita ma aka fara gano ƙwayar murar ɗan Adam a Landan a 1933. Zafin digiri 70 yana kashe ƙwayar. Amma kazar da ta mutu da kanta ba ta dafuwa ba ce, ta rami ce. In kuma mutuwar ta yi yawa a keji, a kira malamin dabbobi, su ne ke aika samfuri cibiyar binciken dabbobi ta Vom.

Haka dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura kuma ya ƙi daskarewa. Wannan alamar ciwon saifa ce, wanda aka tabbatar a wata gona kusa da Suleja a Yulin 2023. Ba a feɗe ta, balle a raba wa karnuka. Mabiyiya da ɗan da saniya ta yi ɓari kuwa hanyar bakkale ce, mai sa shanu ɓari, mutum kuma ya yi ta zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Masu kiwon aladu a yankin Katsit, inda babbar kasuwar nan ke ci ranar Alhamis, sun fi mu sanin ɓarnar zazzaɓin aladu. Ba ya kama kare ko mutum, amma ƙwayarsa na yin watanni a nama, kuma karen da ya ja ƙafar mushe daga wannan gida zuwa wancan ya gama da jarin maƙwabci.

Mun san amsoshin da za su biyo baya a ƙarƙashin wannan rubutu. Wani zai ce kakanninmu sun yi ta ba karnukan farauta kayan cikin nama a daji, har yau in an fita farautar rani bayan bikin Afan na Kagoro ana yi, me ya same su? Ba wanda ya ɗauki hoton hantarsu. Mutum nawa ne aka ce ciwon ciki ko kumburi ya kashe, aka binne ba a san dalili ba? Kuma karen kakanninmu a ƙauye mai faɗi yake yawo, ba a tsakar gidan haya mai ɗaki goma da yara ashirin ba.

Wani zai ce ɗanyen nama da jini ne ke sa kare zafi, in aka dafa sai ya zama rago. Wannan magana ta daɗe tana yawo, har wasu na ƙara barkono a abincin. Tsaron gida daga irin karen ne da horon da aka yi masa. Barkono ba abin da yake ƙarawa sai gudawa. Karen da tsutsa ta cinye, yana fama da ciki, ba shi zai tsaya wa ɓarawo ba.

Mai cewa gawayi da itace sun yi tsada, shi kam ya faɗi gaskiya. Sai dai ba a ce a hura wuta ta musamman ba. In an sauke tuwon dare, garwashin da ya rage ya isa. A ware tsohuwar tukunya ko babban gwangwani wanda ba ya haɗuwa da kayan girkin gida, a yanka kayan ƙanana don zafi ya ratsa, a bar su su tafasa rabin awa. Wanda ya tsimi kuɗin gawayi ya je ya biya na tiyata, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa dafuwa na rage amfanin nama. Tana ragewa kaɗan. Tawurin ɗin da kyanwa ke buƙata yakan fita ya shiga ruwan dafuwa, don haka kada a zubar da romon, da shi za a kwaɓa abincin. Zuciya da kifi suna da shi da yawa. Ɗanyen kifin ruwa ma, wasu irinsa suna lalata wani sinadarin bitamin a jikin kyanwa, dafuwa ce ke hana hakan. Inda dafuwa ke da haɗari na gaske shi ne ƙashi. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa kamar tsinke ya soki maƙogwaro ko hanji. A cire shi. Amma tsoka zalla ba ƙashi ita ma tana barin ɗan kwikwiyo da lanƙwasassun ƙafafu saboda rashin sinadarin gina ƙashi. Mafita mai araha tana wurin mai shayi: ɓawon ƙwai. A tafasa shi, a shanya, a daka ya yi laushi, a barbaɗa kamar rabin ƙaramin cokali a kan rabin kilon nama. Masu 'yan kwikwiyon manyan karnukan waje su tambayi likita adadin, don su yawansa ma yana ɓata musu gaɓoɓi.

Sauran abincin duk muna da shi. Ga kare, tuwon masara, acca, shinkafa ko dankali, a haɗa da dafaffen tumbi, huhu mai lafiya, zuciya, ƙwai ko kifi, da ɗan kabewa da ɗigon manja. Hanta kaɗan ake sawa, kamar kashi 1 cikin 20, don yawanta na cutarwa. Ga kyanwa nama da kifi ne za su rinjayi hatsi nesa ba kusa ba. Ragowar miyarmu kuwa a yi hattara da ita, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da kyanwa, ga gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Wanda dabbarsa ta saba da abincin buhu ko da ɗanye, kada ya sauya rana ɗaya. A nan dabarar masu faret ta yi amfani: a fara cakuɗa kaɗan, ana ƙarawa har kwana 7 zuwa 10. Kyanwa in ta ƙi, kada a ce yunwa za ta koya mata hankali. Kwana biyu zuwa uku ba ci na iya taɓa mata hanta, musamman mai ƙiba.

Karen da ya riga ya saba cin ɗanye, a ɗauka yana da tsilar. Maganinta sunansa praziquantel, ana samunsa wurin masu sayar da magungunan dabbobi, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba kare aƙalla sau 4 a shekara. Ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta ba, a duba sunan a jikin kwalin. Bayan an ba shi a ɗaure shi kwana biyu, a kwashe kashin da shebur a binne ko a ƙona, don maganin na fitar da tsilar ne amma ƙwan na nan da rai. In an je a haɗa da allurar haukan kare ta shekara, tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu.

Akwai kuma abin da gida ɗaya ba zai iya ba. Muna kira ga sarakunan pawa da ƙungiyoyin mahauta na garuruwanmu, domin wuƙar a hannunsu take. Rami mai zurfi da murfi a kowace kwata, inda za a riƙa zuba abin da malamin duba nama ya hana, da shingen da zai tare karnuka, ba su fi ƙarfin ƙungiya da ƙaramar hukuma ba. Yaran da ke tsintar ragowa suna sayar wa masu karnuka kada a kore su, abincinsu ne. A koya musu su gane jakar ruwan, su san wadda ba ta shiga leda. Idan ma wani mai himma a cikinsu ya kafa tukunya a gefen kwata yana sayar da dafaffe, ya sami sana'a, masu karnuka kuma sun huta da hura wuta.

Yankan gida shi ne inda babu malami ko ɗaya: layya, Kirsimeti, suna, biki. A waɗannan ranaku kowane lungu kwata ne, kuma masu fiɗar sau da yawa samarin gida ne da ba su taɓa jin sunan wannan cuta ba. Kafin a kayar da dabbar a haƙa ramin, ya kai zurfin da kare ba zai tone ba, a ajiye dutse ko tsohon kwano na rufewa kusa. A ɗaure karen gida har a gama. In an ga jakar ruwa a huhu ko hanta kada a fasa ta don a ga abin da ke ciki, a yanke sashen gaba ɗaya ya tafi rami, in jakunkunan sun yi yawa a haɗa da huhun ko hantar duka. Tsokar dabbar ba abin da ya same ta, a dafa a ci.